Ranar da 'Yar Tambaya Ta Manta da Tambaya

A gida ana kiranta 'Yar Tambaya, kuma sunan ya dace da ita. Tun tana ƙarama ta ishi kowa. Me ya sa ƙarya ba ta da kyau? Me ya sa kullum babba ne mai gaskiya? Idan Mama ta gaji ta ce, "Haka kawai," sai yarinyar ta turo baki.

"Mama, haka kawai ba amsa ba ce."

Da ta kai ajin ƙarshe a sakandare, malamar ajinsu ta gaya mata akwai karatun masu irin halinta. Sunansa falsafa. A nan ake koyon neman dalili, da auna magana kafin a yarda da ita. Tun daga ranar, ba ta da buri sai ta karanta falsafa a jami'a.

Lokacin zaɓen jami'a ya zo. Wata ƙawarta ta nuna mata bidiyo a waya. Ga wata babbar jami'a mai ƙatuwar ƙofa, da dogayen gine-gine, da ciyawa kore shar. Kafin bidiyon ya ƙare, ta gama yanke shawara.

Da yamma ta sami Baba yana kwance wata fanka. Sana'arsa ke nan, gyaran kayan lantarki. Ƙaninta Auta yana riƙe masa ƙusoshi.

"Baba, na zaɓi jami'ata," in ji ta, ta miƙa masa wayar.

"Madalla. Me ya sa ita?"

"Ta fi kowace kyau."

"Na gani. Amma falsafa za ki karanta. Me ya sa ita?"

"Haka kawai, Baba."

Auta ya fashe da dariya har ƙusoshin suka zube. "Yaya, ke ce yau da haka kawai?"

Ita kuwa ko a jikinta.

Washegari ta sanar da Malama a gaban aji.

"Kin tambayi su wa ke koyar da falsafa a can?" in ji Malama. "Kin yi magana da wani ɗalibinsu? Akwai ƙaramar jami'ar da ke bayan tashar mota. Ya kamata ki duba ta ita ma."

"Waccan mai tsofaffin gine-gine? Haba Malama, Allah ya kiyaye!"

Aji ya kwashe da dariya.  Malama ta tattara littattafanta ta fita. A ranar 'Yar Tambaya ta shigar da zaɓinta a kwamfutar makaranta.

Baba dai hankalinsa bai kwanta ba. "Ni ko fanka ba na saye sai na ga tana juyawa," in ji shi. Ya rufe shagonsa, suka hau bas suka tafi jami'ar.

Ƙofar tana nan kamar yadda take a bidiyo. Ciyawar ma haka. Suka tambayi sashen falsafa. Wannan ya ce su yi gaba, wancan ya ce su koma baya. Da ƙyar suka same shi a bene na ƙarshe. Ƙofar a kulle take, har gizo-gizo ya yi saƙa a jikin kwaɗon.

Wata sakatariya ta leƙo daga ofishin da ke kusa.

"Malaman sun ragu," in ji ta. "Bana ba a ɗaukar sababbin ɗalibai a falsafa. Duk wanda ya nema, wani fannin ake tura shi."

Yarinyar ta ce, "Amma ba a faɗi haka a bidiyon ba!"

"Ayya, 'yata. Da kin kira ofis, ai da mun gaya miki."

A cikin bas ta yi ta kuka. Ranar Juma'a za a rufe canjin zaɓi. Idan ta wuce, ko dai ta karanta abin da ba ta so, ko ta zauna a gida har baɗi. Ga kunyar Malama ta ishe ta. Baba bai yi mata faɗa ba. Hankici kawai ya miƙa mata.

Da safe ta sami Malama a ofis, kanta a sunkuye.

"Malama, ki yafe mini. Na yi miki rashin kunya. Zan zaɓi ƙaramar, tunda ke kika ce."

"Na yafe miki. Amma kada ki zaɓe ta don ni na ce. In kin yi haka, kin maimaita kuskurenki. Je ki tambaya da kanki."

Ta je. Fentin bangon ya koɗe, fankar ajin kuma tana ƙara. Aka ba ta izini ta shiga darasin falsafa ta zauna a baya. Malamin yana tambaya, shin wanda ya yi shiru alhali ya san gaskiya, ya yi ƙarya? Da ya faɗi nasa ra'ayin, wata ɗaliba ta ce ba ta yarda da shi ba. 'Yar Tambaya ta ɗauka zai yi fushi. Sai ta ga ya yi murmushi ya ce, "To, kawo dalilinki."

Bayan darasi ta tare ɗaliban. Malamai suna zuwa kullum? Akwai littattafai a laburare? Waɗanda suka gama, wane aiki suke yi? Ta yi ta tambaya har wani ya ce, "Ke kam, nan ne gidanku."

Ta canza zaɓinta kafin Juma'a. Da sakamako ya fito, an ɗauke ta.

Ranar da take haɗa kayanta, Auta ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushin tsokana.

"Yaya, me ya sa wannan jami'ar?"

"Zauna ka ji," in ji ta.

Ta fara lissafa masa dalilai. Ta yi ta zuba har Auta ya toshe kunne ya gudu wajen Mama. Baba ya yi dariya ya ce, "Alhamdu lillahi, 'yata ta dawo."

Daga nan ta riƙe darasinta. Kyan gini ba shi ne kyan makaranta ba. Kafin ka zaɓi abin da zai shafi rayuwarka, ka je ka gani, ka tambaya, ka san dalilinka.