Koren Zare a Fankar Inna Delu

Hajo ba ta manta ranar da ta tare a wani gari can ba. Tsohuwar maƙwabciyarta, Inna Delu, ta ara mata fankarta guda tak.

Hajo ta riƙa shanya jiƙaƙƙen ɗankwalinta a kan fankar. Ran nan fanka ta ƙi tashi. Ta danna, shiru. Ta sauya soket, shiru.

Sai ta kira Inna. Inna ta cire wayar fankar daga soket, ta buɗe murfinta. Sai ga koren zare ya shaƙe sandar farfela! Hajo ta taɓa koren ɗankwalin da ke kanta.

Inna ta kau da kai, ta ce, "Tsufan fankar ne kawai, 'yar nan."

"Ni ce, Inna. Da hannuna zan warware shi, kuma ba zan ƙara wasa da abin aro ba."