Tambayar Mian Khurshid

Karas ne ya haɗa su. Tirelar da Tanwir ya jawo da tarakta ta goce a kan gadar shiga garin Gojra, buhuna suka fashe, jan karas ya malale a titi. Motar 'yan matan kwaleji ta tsaya cak, direba yana ta masifa. Yarinya ɗaya ce ta sauko, ta gyara mayafinta, ta durƙusa tana taya shi tsinta.

"Bari, 'yar'uwa, za ki ɓata hannunki," in ji Tanwir.

"Ni 'yar ƙabilar Arain ce, asalinmu manoma ne, ƙasa ba ta ɓata mana hannu. Kai dai je ka koyi tuƙi."

Bai san lokacin da ya yi dariya ba. Ya zaɓi mafi ja a ciki, ya wanke da ruwan gorarsa ya miƙa mata. Ta karɓa, ta shige mota ba ta waiwayo ba. Sunanta Mehwish, autar Mian Khurshid, tsohon hedimasta. Yadda Tanwir ya samo lambarta, har yau bai faɗa wa kowa ba.

"Salamu alaikum. Mai karas ne. Na koyi tuƙi."

Sai da ta bar shi ya wuni yana duba waya kafin ta amsa.

"Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi, mutanen Gojra sun tsira."

Daga nan ta raɗa masa Mai Karas, shi kuma yana ce mata Farin Wata. In ya fita ban ruwa da safe sai ya tura mata hoton gona, ita kuma ta ce masa layin kabejinsa ya karkace.

"Farin Wata, yau Ammi ta tambaye ni me ya sa nake yi wa albasa murmushi."

"Ka ce mata yajinta ne ya shiga kanka."

Sun ɗauka abin zai zo da sauƙi, tunda dukansu Arain ne, kuma kakanninsu daga yankin Jalandar suka yi hijira lokacin da aka raba ƙasar gida biyu bayan tafiyar Turawan mulki. Sai aka yi taron dangi na shekara. Mian Khurshid ya tashi ya yi jawabin da ya saba: wai kakanninsu daga Ariha ta ƙasar Sham suka taso, suka shigo yankin Sind da rundunar Larabawa, daga baya suka ajiye takobi suka ɗauki garma. Yana cikin magana Mehar Ilam Din, mahaifin Tanwir, ya ɗaga murya daga baya.

"Mian Sahib, kakana albasa ya shuka a bakin kogin Sutlej, kakansa ma haka. In an taɓa yin doki a gidanmu, to keken kasuwa yake ja."

Jama'a suka fashe da dariya. Mian Khurshid ya cire tabarau, ya sa a aljihu, ya fita bai ci abinci ba.

Da mahaifiyar Tanwir ta je neman aure, da kwalin kayan zaƙinta ta dawo, ko buɗe shi ba a yi ba. A makon nan ne kuma Adil, ɗan ƙanwar Mian Khurshid, ya dawo daga Jidda da dabino da turare, shi ma yana neman Mehwish. Kullum yana ɗakin baƙi yana cewa, "Wallahi Mamu Ji, ko a can da sun ga hancina sai su hau yi mini Larabci."

Mehwish ta daina cin abinci sosai. Kakarta Dadi Sardaran, mahaifiyar Mian Khurshid, ita ta lura. Ta kira ɗanta ta ce ya bar Tanwir ya zo a gan shi.

"Zai zo, Amma Ji," in ji shi, don haka yake kiran mahaifiyarsa, "amma tambaya ɗaya zan yi masa: daga ina muka fito?"

Mehwish ta ruga ta ɗauki waya.

"Mai Karas, don Allah ka ce Ariha. Kalma ɗaya ce. Ka faɗa mu wuce wurin."

"Farin Wata, ina sonki fiye da yadda kike zato. Amma ba zan zauna a gidanku in ƙaryata Abba Ji ba."

"Ashe albasar babanka ta fi ni."

Ta kashe wayar. Adil ya kawo mata labarin wai an ga mahaifiyar Tanwir a garin Sahiwal tana duba wata yarinya, alhali gaisuwar rasuwa ta je. Tanwir kuma ya ji a kasuwar kayan lambu wai an kusa yin baikonta da Adil. Kowannensu ya yi kuka inda ba mai ganinsa.

Duk da haka ranar Juma'a bayan masallaci ya zo, da farin kaya, ya zauna a bakin kujera. Dadi tana kan gadonta na igiya, Mehwish tana bayan labule.

"To, ɗan Ilam Din," in ji Mian Khurshid, "daga ina muka fito?"

Tanwir ya amsa yana kiransa Chacha Ji, wato baffa. "Chacha Ji, ban sani ba. Abin da kuka karanta zai iya zama gaskiya, abin da Abba Ji ya ji daga kakansa ma zai iya zama gaskiya. Wataƙila wasu sun zo daga nesa sun tarar da wasu a gona. Da na ga dama da na ce Ariha, na san shi kuke son ji. Amma da kun ba da 'yarku ga wanda ya fara yi muku ƙarya tun a zaman farko."

Adil ya yi tsaki. Dadi ta buga sandarta a ƙasa, ya yi tsit.

"Khurshid," ta ce, "ina yarinya muka taho a ƙafa daga Jalandhar. A hanya babana ya faɗi. Wasu Arain da ba mu taɓa gani ba suka haƙa masa kabari a gonar wani, da hannu da lauje. Ba su tambaye mu Ariha ko Sutlej ba."

Mian Khurshid ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ba maganar Ilam Din ce ta ƙona ni ba, Amma Ji. Dariyar ce. Rabin masu dariyar nan ni na koya musu rubuta sunansu."

"Abba Ji ya sani, Chacha Ji," in ji Tanwir a hankali. "Tare muka zo. Yana ƙofar gida tun ɗazu, ya ce kunya ta hana shi shigowa."

Ko takalmi Mian Khurshid bai tsaya sawa ba. Ya tarar da Mehar Ilam Din tsaye a rana, ya cire rawaninsa ya riƙe a hannu. Kafin ya buɗe baki, hedimasta ya karɓi rawanin ya mayar masa a ka, ya rungume shi.

Da la'asar wayar Tanwir ta yi ƙara.

"Ka yafe mini, Mai Karas. Na ji duk abin da ka faɗa. Amma wace ce ta Sahiwal?"

"Gwaggon Ammi ce, shekararta casa'in, kuma ta rasu. Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa yin takara da ke ba."

Bayan an girbe alkama aka ɗaura aure. Adil ma ya zo, ya ci shinkafa faranti biyu. Surukan nan biyu suka zauna gado ɗaya suna musu ƙasa-ƙasa, kowa na zuba wa ɗan'uwansa shayi.

Da za a fita da amarya, aka ɗaga Alƙur'ani a bisa kanta ta wuce ta ƙarƙashinsa tana kuka. Dadi ta sa aka kawo su gabanta, ta dafa kawunansu.

"Allah ya zaunar da ku wuri ɗaya, 'ya'yana. Kada ya ƙara nuna wa zuriyarmu hanyar gudu."

Mian Khurshid ne ya fi kowa ɗaga murya da amin, yana share ido da gefen mayafinsa.