Wutar da Ta Ƙi Yin Fari

Dutsen farko ya bugi kwanon rufi ana gab da kiran magariba, lokacin da matar maƙeri take kwashe shanya. Ta tsaya da zane a hannu tana saurare. Na biyu ya biyo baya, ƙarami, mai kaifin sauti, sannan gidan ya yi tsit. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ba daga sama jifan ya zo ba. Daga cikin ɗaki aka jefi rufin, kuma babu kowa a ɗakin sai maigida da sabuwar maƙerarsa.

Wata biyu ke nan da ya jingine zugazugin da ya gada, ya ce zamanin gawayi ya wuce. Ya samo tsohuwar tukunyar gas ya yanke ta, ya shafe cikinta da siminti da tsakuwa, ya soka mata bututu a gefe, ya ja tiyo zuwa wata tukunyar mai gas. Wuta ta kama, ta yi gurnani har maƙwabta suka leƙo. Sai dai ƙarfe yakan yi ja, ya ɗan yi ruwan lemo, ya tsaya nan. Shi kuwa so yake ya haɗa gatari da bakin ƙarfen sifirin mota, aikin da ba ya yiwuwa sai ƙarfe ya yi fari yana tartsatsi. Gatura goma sha ɗaya suna jibge a lungu, kowanne baki buɗe.

Ya zauna ya yi nazari, ya gano iska ce ke sace masa zafi. Saboda haka ya cusa tsumma a gindin bututun, ya buga buhu a taga, ya rufe ƙofa. Ba ya kunna wutar sai rana ta yi ƙasa, domin launin ƙarfe a duhu ake karanta shi. Duk wannan da hujjarsa. Maigida bai taɓa yin kuskure ba tare da hujja ba.

'Yarsu shekararta biyu a makarantar koyon walda, ita kaɗai ce mace a ajin. Uban yana kiranta Injiniya, kuma ba yabo yake nufi ba. A ƙarshen watan nan wata masana'antar ƙera ƙofofi za ta ɗauki mutum uku daga ajinsu, sunanta ne a sama. Uwar ba ta gaya wa kowa ba, amma da wannan magana take kwana, da ita take tashi. Yarinyar ta taɓa zana wa uban bututun a takarda, ta nuna masa inda iska za ta shiga, ta ce simintin zai riƙa fashewa. Ya karɓa ya duba, ya ce rubutunta ya yi kyau. Da takardar ya kunna wutar ranar.

Ɗakin yarinyar bango ɗaya ne da maƙera, kuma bangon bai kai rufi ba.

A mako na biyu da fara jifan, yarinyar ta soma kwanciya da ciwon kai duk yamma. Ta ce kanta yana juyawa. Ta ce tana jin wani yana numfashi bayan bango, ya ja, ya tsaya, ya sake ja. Uwar ta kasa kunne, ta ji shi ita ma. Wata rana maigida ya fito ya kira matarsa a hankali, ya nuna mata tukunyar mai gas ɗin. Ana zafin da ko kare ba ya motsi, amma jikin tukunyar ya yi fari da ƙanƙara, sanyi kamar hannun gawa.

Ranar Alhamis aka tarar da yarinyar yashe a bakin ƙofarta, leɓɓanta ja wur, idanu a juye. Matan maƙwabta suka cika tsakar gida, kowacce da labarin wata da abin ya taɓa kamawa. Uwar ta ambaci asibiti. Maigida ya ce shi bai taɓa jin asibitin da ke maganin jifa ba.

Malamin da aka kirawo dattijo ne mai tabarau, wanda ya ga aljanu da yawa, ya kuma ga mutane fiye da haka. Ya ce a kunna wutar kamar kullum, tunda lokacinta abin ke zuwa. Ya zauna a ɗakin yarinyar, ita a kan tabarma, uwar ta riƙe mata ƙafafu, uban yana tsaye a ƙofa, matan maƙwabta a bayansa. Ya fara karatu da murya mai nauyi. Haske yana janyewa daga bango. Bayan bangon gurnani ya tashi, numfashin ya soma, dutse ya bugi kwano. Malam ya cire tabarau ya murza goshi, ya kalli tazarar da ke saman bangon ya daɗe, sannan ya ci gaba.

Jikin yarinyar ya sandare. Muryar da ta fito daga bakinta ta shaƙe ce, daga can ƙasan maƙogwaro.

Malam ya tambayi mai maganar wane ne shi, me ya kawo shi jikin baiwar Allah.

"A wuta nake zaune. An shaƙe ni."

"Wa ya shaƙe ka?"

"Mai gidan nan. Ya toshe mini hanci da tsumma. In ban sha iska ba, babu mai sha."

Maigida ya dafa ƙofa. Malam ya ce ya faɗi abin da yake so ya tafi. Muryar ta jero sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. A cire tsumman. A fitar da maƙerar tsakar gida, kada ta sake kwana ƙarƙashin rufi. A farfashe simintin a zubar, a jera bulon wuta, a matse cikin, domin gidan ya yi masa faɗi, shi ya sa ba ya ɗumi. Tukunyar kuma a zaunar da ita cikin bahon ruwa.

Yana magana, yatsan yarinyar yana yawo a kan tabarma. Uwar ta bi yatsan da ido. Dogon layi, rami a gefe, kibiya tana shiga ramin. Ta taɓa ganin wannan zanen, kafin ya ci wuta. Ta ƙara riƙe ƙafafun, ta sunkuyar da kai.

Maigida ya amsa kowane sharaɗi da sauri, har yana cewa a gafarce shi, bai sani ba.

"Saura ɗaya," in ji muryar. "Ranar da ƙarfe ya yi fari, yarinyar nan ce za ta riƙe masaba."

Wuta tana ja tana tsayawa. Maigida ya ce shi dai a duba, uwar maƙerar nan ta kakanni ce, mace ba ta taɓa bugu a kanta ba, ko rago ne zai yanka a madadin haka. Malam ya dube shi ta saman tabarau, ya juya ga tabarma, ya ce wa mai maganar an ba shi huɗu cikin biyar, kuma a irin wannan gida huɗu ba kaɗan ba ne. Ya tambaye shi ko zai fita.

Hawaye ya gangaro ta gefen idon yarinyar ya shiga kunne.

"Zan fita."

Ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Malam ya ce a kashe wutar, a buɗe ko'ina, a fitar da ita waje ta sha iska. Da zai tafi ya ce wa uwar, a hankali, a kai ta asibiti gobe duk da haka, shi ma kansa yana sarawa.

Bayan kwana uku, da magariba, a tsakar gida, wutar ta fito shuɗiya ba tangarɗa. Ƙarfe ya yi ja, ya yi ruwan lemo, ya wuce, ya yi fari har ba ya kalluwa. Maigida ya zaro shi da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera, bugu huɗu, baki ya haɗe kamar tare aka halicce su. Ya ɗaga gatarin yana juya shi.

"Wannan aljani ya san ƙira," ya ce.

"Ya sani," in ji matar. "Shekara biyu ya yi yana koyo."

Gurnanin wuta bai bar shi ya ji ba.

Jifa ya tsaya tun da aka zubar da simintin nan mai fashewa, ciwon kai ya tafi. Amma matan da suka tsaya a ƙofa ranar ba kurame ba ne, kuma ɗaya daga cikinsu ƙanenta yana aiki a masana'antar. Da ƙarshen wata ya zo, shugaban ma'aikata ya aiko da saƙo mai ladabi ƙwarai: ba za su iya ajiye mai faɗuwa kusa da wuta ba. Suka ɗauki na huɗu a ajin. Yarinyar ta ninke rigar aikinta ta sa a ƙasan akwati.

Wata yamma wutar ta soma tari, tana ɗaukewa tana dawowa. Maigida ya juya wannan, ya buga wancan, ya zagaya ta sau biyu. Uwar tana tsintar wake, ta ga ya nufi ɗakin 'yar, ya tsaya bakin labule yana gyaran murya.

"Injiniya. Ko zai yiwu a tambaye shi?"

"Ya tafi, Baba. Ni kaɗai ce."

Ya ɗan jima a tsaye, hannu a bayansa. Sannan ya juya ya koma wajen wutarsa.