Hannun Gem ɗin Yaya

Auta yana sauke ƙofar shagonsa na gyaran kwamfuta, rana ta yi ja, sai wayarsa ta yi ƙara. Yayansa ne.

"Auta, biyo ta nan. Hannun gem ɗina ya haukace. Ko ban taɓa shi ba, mutumin cikin wasan sai ya kama tafiya hagu."

"Datti ne, Yaya. Kai da kake cin abinci a kansa."

Yaya bai yi dariya ba. "Ka dai zo yanzu."

Auta ya ɗauki jakar kayan aiki ya tafi. Yaya ne ya koya masa gem, wasan kwamfuta, tun suna yara, da hannun gem ɗaya tak, wanda aka ci ya miƙa wa ɗan'uwansa. Kiran Yaya ba abin da Auta yake ƙi ba ne.

Ɗakin yana hawa na sama, a ƙarshen baranda. Labule a sauke. Fanka a kashe. Wani wari ya tare Auta a bakin ƙofa, kamar gashi ya ƙone. Hannun gem ɗin yana kan tebur, a naɗe cikin tawul. Yaya ya rame, ya kuma cusa hannunsa na dama cikin aljihu. Aljihun yana motsi.

Auta ya buɗe tawul ɗin. "Ina ka samo wannan? Ba irin naka ba ne."

"Wani aboki ya ba ni. Kyauta."

Auta ya zauna ya bi aikin yadda ya saba. Ya sauya ramin da wayar hannun take shiga a jikin kwamfutar Yaya. Mutumin cikin gem ya ci gaba da tafiya hagu. Ya zare kibod, don wani lokaci maɓalli ne yake maƙalewa a ɗora wa hannu laifi. Mutumin bai tsaya ba. Ya goge manhajar hannun ya sake saka ta. Ya kwance bayan hannun da sukundireba, ya hure, ya share gindin 'yar sandar da ake juyawa da yatsa, da burushi. Babu datti ko kaɗan. Cikin fes yake, kamar ba a taɓa wasa da shi ba, amma kan sandar ya lotsa, lotsawar babban yatsa mai tsawo.

"Saura daidaitawa," in ji Auta. "Zo ka ɗora yatsa, ka juya sandar, ka saki."

Wannan dokarsa ce, kowa a shago ya sani. Mai kaya ne yake daidaita kayansa, don na'urar ta koyi hannun mai ita.

"Yi min kai."

"Yaya, hannunka za ta koya, ba nawa ba."

"Hannuna ciwo yake. Haba Auta. Ni ne fa."

Auta ya ɗora yatsa. Robar da ɗumi, kamar yanzu wani ya ɗaga nasa. Ya juya sandar zagaye guda. Kwamfuta ta ce ya saki.

Yatsan ya ƙi ɗaguwa.

"Bari in kawo maka ruwa," Yaya ya faɗa daga bayansa. Ƙofa ta rufe. Makulli ya juya.

Allon ya rabu gida biyu. Ɗan wasa na biyu ya shigo.

Kibod ɗin da ya zare yana gefe, wayarsa tana reto a bakin tebur. Wani maɓalli ya nutse. Ƙas. Wani ya bi. Ƙas, ƙas.

Kujerar da take kusa da shi ta yi ƙara, katifarta ta lotsa.

Warin ya ƙaru. Wani yana numfashi a gefen kunnensa, a hankali, irin numfashin mai jiran a fara wasa.

Auta ya fizge wayar wuta daga bango da hannun hagu. Allon bai mutu ba.

"Yaya!"

Ta ƙasan ƙofa ya ji muryar yayansa, ƙasa-ƙasa. Ba da shi yake magana ba.

"Ga shi na kawo maka. Ya fi ni iyawa. Ka sake ni."

Wani yatsa ya sauka a kan nasa. Sanyi ƙalau. Gaɓoɓinsa sun yi yawa. Ya tura hagu.

Hagu, inda taga take.

Auta ya ga ƙafafunsa sun miƙe da kansu. Labule ya ɗaga, babu iska. Tagar a buɗe take, ƙasa da nisa.

Taku ɗaya. Wani takun.

Bakinsa ya kama addu'a, kalmomin suna tuntuɓe. Hannunsa na hagu ya shafo tebur ya ci karo da sukundireba. Ya soka ta a gindin sandar, daidai inda ya san ƙugiyar take, ya banƙare da duk ƙarfinsa. Sandar ta ɓalle, ta tafi da fatar yatsansa.

Wani abu ya yi tsaki a kunnensa.

Allon ya yi baƙi.

Da kafaɗa ya fasa ƙofar. Yaya yana zaune a kan matakala, ya shimfiɗa hannunsa na dama a gwiwa yana kallonsa. Hannun ya tsaya cak, ko rawa babu. Yana kuka, amma kukan wanda aka sauke wa kaya ne.

"Me ya sa ni?" Auta ya tambaya.

Yaya bai ɗago ba. "Na nemi wasu. Kai kaɗai ne ba za ka ƙi ba."

Fatar ta warke, yatsan bai warke ba. Da rana ta fara ja sai ya kama karkata hagu, yana danna iska, yana juyi, kamar mai wasan da ba ya son a ci shi. Auta ya daina liƙa ƙananan wayoyi, sai manyan gyare-gyare, su ma da safe. Washegarin abin ya tarar da hannun gem ɗin a jakarsa, sandar tana nan daram a wurinta. Ya jefa shi a kwata. Hannun ya dawo. Yanzu yana cikin durowar ƙasa a shago, a naɗe cikin tawul.

A gidan mahaifiyarsu, Yaya ne yake zuba shayi yanzu, ko ɗigo ba ya zuba a ƙasa. Takan ce, "Ka ga yayanka ya samu lafiya, kai kuma me ya sami hannunka?" Auta ya ce aiki ne.

Sau ɗaya Yaya ya tare shi a bakin ƙofa, ya rage murya. "Mutane suna shigowa shagonka kullum. Ka ba wani ya daidaita, shi ke nan."

Auta ya dube shi, ya cusa hannu a aljihu. "Ka san ba zan yi ba."

"Na sani," in ji Yaya.