Tsohuwa da Talibambam

A wani zamani can da, an yi wata tsohuwa mai saƙar tabarma. Wata shekara ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina. Tana dawowa daga yankan kaba, sai ta ga wani ɗan rami ya kusa ƙafewa, talibambam na ta mutsu-mutsu cikin taɓo. 'Ya'yan kwaɗi ne, wutsiya kawai gare su, ba ƙafar gudu, in ruwan ya ƙare sun mutu.

Ta tafi rijiya, ta ciko tulu, ta juye musu. Gari ya waye, ta ciko tulu, ta juye musu.

Maƙwabciyarta ta ce, "Haba Iya, da wannan ciwon gwiwar taki? Kwaɗo fa bai san godiya ba."

Tsohuwa ta ce, "Ai ba godiya na je ɗiba ba, ruwa na je ɗiba."

Ran nan ƙafafunsu na baya suka fito. Ta ciko tulu, ta juye musu. Na gaba suka fito, wutsiya ta fara raguwa. Sai gwiwar tsohuwa ta kumbura, tulu ya gagare ta ɗauka. Ta ɗauki ƙwarya da sanda, ta yi sawu uku, tana hutawa a hanya.

Wata safiya ta iso da ƙwaryarta, ta tarar ƙananan kwaɗi kamar ƙwayar gyaɗa suna ta tsalle daga ramin suna shigewa ciyawa. Ta tsaya har na ƙarshe ya shige, sannan ta zauna ta sha ruwanta.