Ranar Ƙunshi

A wani zamani can, an yi wata mata mai 'ya'ya biyar, ga kuma uwar miji kwance ba lafiya. Yaro ya yi kuka, sai ita. Tsohuwa ta nemi kunu, sai ita. Kullum mijin ya dawo sai ya ce, "Ke kam kin huta, kina cikin inuwa."

Wata rana bai fita ba, sai ta ƙunsa lalle hannu da ƙafa, ta zauna.

Yaro ya yi kuka, sai shi. Tsohuwa ta nemi kunu, sai shi. Kafin azahar ya yi sharkaf da gumi.

Ya ce, "Wai lallen nan bai kama ba?"

Ta ce, "Da saura, Maigida. Ci gaba da hutawa."