'Yar Fari a Bakin Teku

A tsugunne ta fara ganinsa, yana sace iskar tayar motar da za ta kai su teku. Haulatu ta sauke gilashi ta leƙo, fuska a haɗe.

"Malam, lafiya? Teku aka ce ka kai mu, kai kuma tun ba a je ko'ina ba kana neman ajiye mu a hanya?"

Saurayin ya ɗago yana murmushi, hularsa ta ɗan karkace. "Ranki ya daɗe, daga nan kwalta ta ƙare, sai yashi. In taya ta cika tam, nutsewa za mu yi mu wuni a nan muna kallon raƙuma."

Daga kujerar baya Umma ta yi dariya. Dariya fa ta gaske, irin wadda rabon da a ji ta a gidansu na Al Aziziya tun kafin azumi.

"Yaro, ɗan ina ne kai?"

"Malumfashi, Hajiya. Sunana Uwais."

"Kai! Ni 'yar Ƙanƙara ce. Ashe ɗan gida muka samu. To yalla, mu je."

Umma, wato Hajiya Atine, shekararta goma sha tara a Doha, amma in ka cire gida da kasuwa da asibiti, ba ta san komai na ƙasar ba. Ciwon daji ya ci ta ya cinye, har likitoci suka kira mijinta Dakta Ɗalhatu gefe suka ce khalas, sai addu'a. Shi ma likita ne, ba sai an yi masa dogon bayani ba. A makon ne Umma ta ce ta gaji da kallon silin, tana son ganin ruwa. Aiki bai bar Abba ba, sai ya ɗauko musu mota da direba daga wani kamfanin yawon buɗe ido, 'ya'yansa biyu, Haulatu da ƙanwarta Bilqis, suka zama 'yan rakiya.

Ranar Khor Al Adaid suka je, inda teku ke kutsowa tsakanin tuddan yashi, shuɗi shar, babu gida babu bishiya. Umma ta cire takalmi ta ce sai ta taka.

"Bilqis, zo ki riƙe ni. Ke kuma miƙo min mayafina."

Ke. Haka nan kullum. Shekara ashirin da uku Haulatu ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Tana da shekara huɗu aka kawo ta Doha, cikin 'ya'yan Larabawa da Indiyawa ta tashi, waɗanda iyayensu ke rungume su a ƙofar makaranta. An sha ce mata ai kunyar 'yar fari ce, ita dai ba ta taɓa yarda ba. A ganinta Umma ba ta sonta ne kawai, aka nemo wa abin suna mai daɗi. Ga shi kwanaki na ƙarewa, tsoronta ɗaya: Umma ta tafi ba ta taɓa tsaya mata a kan komai ba.

Ta miƙa mayafin ta koma jikin mota tana goge ido. Uwais ya gani, sai ya zuba shayi daga filas ya ajiye mata a kan bonet.

Daga nan kowace Asabar sai sun fita. Sun zaga lungunan tsohuwar kasuwar Al Wakra, Umma na taya kifi da Larabcinta mai ƙamshin Katsinanci. Sun zauna a tashar jiragen ruwa ta Al Khor suna kallon masunta na gyaran raga. A wajen Zekreet suka hango mariri fari tas da barewa uku, Umma ta ce rabonta da barewa tun tana 'yar talla. Sau ɗaya suka je Al Thakira don ganin filamingo, tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da launin hoda, suka tarar ruwa ya cika, ko ɗaya babu. Uwais ya ji kunya kamar shi ya kore su.

Ilimin ƙasa ya karanta a jami'a, aiki ya ƙi samuwa, ya biyo jirgi. Ɗaki guda suke kwana su huɗu a Al Muntazah. Amma in ya fara bayanin tsuntsu ko lokacin janyewar ruwa, sai Haulatu ta manta da wayar da ke hannunta. Ita da ta fara da masifa, ita ce ta koma zama a gaba, wai don baya na sa ta jiri. Bilqis dai sai ta yi tari ta kau da kai.

Saƙonsa na farko da ba na aiki ba ya shigo wata Talata da hantsi:

"'Yar Doha, na kawo wasu Turawa inda Umma ta taka ruwa. Wurin na nan yadda yake, amma wallahi ya yi min faɗi da yawa. Ban san mutum ɗaya ke cika teku ba sai yau."

Ta karanta ya fi sau goma kafin ta rubuta:

"Direban Umma, ka kula da hanya ka bar zuba. Ni ma Asabar ta yi min nisa."

Bayan wata biyu ya turo kawunsa neman aurenta, Malam Abdulganiyu, wanda ke aikin gadi a Mu'aither. Abba ya karɓe shi da mutunci, aka sha gahawa, sannan ya ce a'a.

"Ba raini ba ne, Malam. Zaman yaron nan a ƙasar nan a hannun kafil yake, uban gidan da ya tsaya masa. Gobe in aka ce aiki ya ƙare, ina zai kai min 'ya? Ga uwarta a kwance. Ba zan iya rasa biyu ba."

Akwai kuma Mas'udu, injiniya a wani kamfanin gas, ɗan aminin Abba, da gidansa da motarsa. Ba shi da laifin komai, bawan Allah, illa dai in yana zance rabin idonsa na kan waya.

Haulatu ta sa ranta a kan Umma. Ai Umma ta san Uwais, ta ci dabinonsa, ta sa masa albarka ba sau ɗaya ba. Ranar da Abba ya shiga ɗaki da maganar bayan la'asar, tana tsaye a bakin ƙofa da kofin kunu a hannu.

"Atine, me kika gani a zancen yaron nan?"

Umma ta juya fuska bango. "Ni ina ruwana da maganarta? 'Yarka ce, ka yi yadda ka gani."

Kofin bai faɗi ba, a hankali ta ajiye shi a ƙasa. Ta shige ɗakinta ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba, sannan ta rubuta:

"Uwais, ka yi haƙuri. Abba ya ƙi, Umma kuma ta ce babu ruwanta da ni. Da kunnena na ji. Ba ni da kowa a maganar nan. Zan yi abin da suke so. Kada ka ƙara kira na."

Amsa ta zo nan take:

"Sanyin idona, ki saurare ni. Ni ma ɗan fari ne. Innata ba ta taɓa faɗin sunana ba, ranar da zan taho ma ɗaka ta shige, amma ita ta sayar da shanunta biyu na hau jirgi. A gida gwaggonki ce za ta shiga maganar nan, Umma ta noƙe. Matsalar a nan ba ki da gwaggo. Don Allah kada ki yanke mata hukunci."

Ta kife wayar. Haushi ma ta ji, wai har shi zai kare Umma. Sati uku ba fita, ba saƙo. Mas'udu na zuwa da turare, tana fitowa ta zauna kamar an dasa ta. Abba ya tsayar da ranar da iyayensa za su kawo gaisuwa. Umma kuwa ƙara zubewa take yi, abinci ya daina zama, tafiya sai a keken marasa lafiya.

Wata Alhamis Umma ta ce da Abba tana son ganin tsuntsayen nan da ba su samu ba.

"Zan kai ki da kaina."

"Kai da ko hanyar Al Khor sai waya ta nuna maka? A kira yaron nan. Kuma da kai za a je, kowa ma ya shirya."

Wa zai musa mata? Da sanyin safiyar Asabar Uwais ya tsaya a ƙofar gida. Ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa. Ya gaida Abba a durƙushe, bai ko kalli inda Haulatu take ba, ita ma ta shige can baya. Suka nufi Al Thakira.

Wannan karon ya lissafa daidai, ruwa ya janye. Ƙasar wurin laushi gare ta, keken Umma ya ƙi gaba. Uwais ya ciro faifan nan biyu da ake sa wa taya in mota ta kafe, ya shimfiɗa. Abba na turawa, shi yana ɗauko na baya yana mayarwa gaba, taku bayan taku, gumi na ɗiga daga haɓarsa, har suka kai bakin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri.

Ga su nan kuwa, sun fi ɗari, tsaye cikin ruwa iya idon sawu, wasu a ƙafa ɗaya, kawunansu a ƙasa suna kiwo. Ƙananan ƙaguwa na ta guje-guje a laka.

"Tubarkalla," in ji Umma. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Alhaji, matso."

Abba ya sunkuyo.

"Da a gida muke, gwaggonta Yaya Fausiya ce za ta faɗi abin da zan faɗa, ni ina ɗaka na rufe fuska. Na jira na jira, na waiga dama da hagu, babu kowa. Ni kuma ba ni da lokacin jira." Ta tsaya ta ja numfashi. "Ka tambaye ni na ce ba ruwana. Kai ma ka san ba haka ba ne, ka dai karɓa ne don ya yi maka daɗi."

Abba ya sunkuyar da kai.

"Wata uku ina zaune a bayan yaron nan. In ciwo ya taso min, kafin in yi magana ya rage gudu. Bai taɓa bari na roƙa ba. Kana tsoron kafil, ni kuma ina tsoron ta zauna da wanda ba zai lura tana kuka ba."

Sai ta juya. Leɓɓanta suka yi rawa, kamar mai ɗaga kaya mai nauyi.

"Haulatu."

Haulatu ta waiga bayanta tukuna, wallahi, don ta zaci da wata ake.

"Haulatu, zo nan. Kullum a sujada sai na faɗi sunan nan, ke ce dai ba kya ji. Haka aka raine ni, ban san a nan zai zame miki ciwo ba. Ki yafe min."

Ta zube a laka da doguwar rigarta, ta kifa kai a cinyar Umma, cinyar da ta zama ƙashi zalla. "Umma, ni ce zan nemi yafiya. Umma, ki ƙara faɗa." Umma ta ƙara, hannunta na shafa kanta. Bilqis na kuka, Uwais ya juya baya yana kallon ruwa, kafaɗunsa na motsi.

Abba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa.

"Uwais."

"Na'am, Abba."

"Ka ce wa kawunka ya dawo. Mas'udu kuma ni zan je in ba mahaifinsa haƙuri."

Juma'a biyu bayan nan aka ɗaura aure a wani ƙaramin masallaci a Mu'aither. Likitoci da injiniyoyi sahu ɗaya da direbobi da masu gadi, wasu ko kakin aiki ba su cire ba. Babu kiɗa, babu taro, don tun Litinin aka kwantar da Umma a asibiti.

Can aka kai amarya da yamma, lalle ya kama raɗau, Uwais na biye cikin farar shadda da ta sha guga. Umma ta sa aka ɗaga mata gado ta zauna. Ta dube su ta dube su, kamar mai haddacewa.

"Kun yi kyau. Uwais, ɗakin da ka kama yana da taga?"

"Yana da ita, Umma. Biyu ma."

"To madalla. Ba ta son duhu, tun tana jaririya."

Haulatu ta ƙanƙame hannunta ta ce ita ba inda za ta, a nan za ta kwana. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo sau biyu tana nuna agogo. Sai Umma da kanta ta shiga ɓamɓare yatsun 'yarta daga nata, ɗaya bayan ɗaya, da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ɗora hannun a tafin Uwais ta danne.

"Amarya ba ta kwana a asibiti. Ga ta nan, na ba ka da hannuna, ba aike ba. Allah Ya yi muku albarka, Ya sanya tausayi a tsakaninku, Ya sa ku tsufa tare. Ku tashi ku tafi tun ina iya kallonku."

Suka ce amin cikin kuka, Abba ya raka su har bakin lif.

Kwana tara Hajiya Atine ta ƙara a duniya. Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta, su kuma da ta haɗa, Allah Ya bar su tare.